Mota mai injin gas tana wahalar tashi da safe: hita fulogi ne ko nozul?

Tambayar da aka aiko ita ce: “Motata mai injin gas ce, silinda huɗu. Da safe, musamman kwanakin sanyi, sai na yi ta murza makulli kafin ta tashi. In ta tashi kuma sai ta kama karkarwa tana fitar da farin hayaƙi kamar na minti ɗaya, sannan ta daidaita. Sauran yinin kuwa bugu ɗaya take tashi. Wani ya ce nozul ne, wani ya ce hita fulogi. Yaya zan gane, kuma zan iya canzawa da kaina?”

Ɗan'uwa, cikin duk bayanin da ka yi, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa da zarar injin ya ɗumama bugu ɗaya take tashi. Wajen tayar da inji mai zafi, hita ba ta da wani aiki. Saboda haka matsalar da ke bayyana da sanyi kaɗai, ta ɓace da zafi, ta fi karkata ga hita. Amma ina roƙonka kada ka sayi komai tukuna, kada kuma ka ɗora sufana a kan komai. Gano hitar da ta mutu aikin minti goma sha biyar ne da mitar auna wutar lantarki. Cire ta ne yake da haɗari, kuma a wurin ne mutane da yawa suke mayar da ƙaramar matsala ta zama babba.

Injin gas, wato na dizal, ba ya amfani da tartsatsi irin na injin fetur. Fistin ne yake matse iska ƙwarai, ya mayar da ita kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta gwargwadon irin injin, har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Cikin wannan iska mai zafi nozul ke fesa mai, man ya kama da kansa. To da safe ƙarfen injin duk ya yi sanyi, sai ya riƙa shanye zafin tun kafin man ya iso. Hita ita ce ke cike wannan giɓi. Siririn ƙarfe ce da aka murza cikin tof, wato kan injin, bakinta yana leƙawa cikin wurin da man ke ƙonewa. A cikinta akwai nadadden waya da aka binne cikin wani farin gari mai jure zafi. In wuta ta shiga, bakin yakan yi ja ya kai digiri 850 zuwa 1,000, masu bakin tangaran ma har 1,300. Tsofaffin hitoci kan ɗauki daƙiƙa 20 ko fiye kafin su yi ja, na yanzu daƙiƙa biyu zuwa biyar. Kuma ba da tashin inji suke daina aiki ba, a yawancin motoci sukan ci gaba da ɗumamawa har kusan minti uku don rage hayaƙi da ƙara.

Wannan ne ya bayyana karkarwar da kake ji. In hita ɗaya ta mutu, silinda uku ne ke aiki, na huɗun yana karɓar mai ba ya ƙona shi. Man da bai ƙone ba shi ne farin hayaƙin, shi ya sa yake warin ɗanyen gas yana yaji a ido. Bayan minti ɗaya zafin maƙwabtansa ya iso shi, sai ya shiga sahu. In biyu ko uku suka mutu, tashin ma sai da jan rai. Tsofaffin injuna masu ɗan ƙaramin ɗakin ƙona mai a cikin tof sun fi kowa dogara da hita, don ko ba sanyi sosai suna bukatarta. Waɗanda ke fesa mai kai tsaye kan fistin kuwa sukan tashi da hita biyu a mace mai motar bai sani ba, sai ranar da sanyi ya tsananta. Akwai ma injunan da ba su da hita a kowane silinda, irin su Cummins 5.9, waɗanda ke da raga mai ɗumama iska a mashigar iska. Ka fara tabbatar da irin naka.

Kafin ka ɗora wa hita laifi, ka sallami batir. Injin gas yana bukatar ya juya da sauri kafin matsin ya haifar da zafi, batir mai rauni kuwa yakan kwaikwayi ciwon hita sak. Cikakken batir yana nuna 12.6V a tsaye, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6V lokacin da ake bugawa ba. Sai iska a layin mai: in akwai ɗan tsagu a tiyo ko a bakin filta, man kan sulale ya koma tanki da dare, da safe motar ta yi ta juyi. Bambancin shi ne a wannan yanayi ba ka ganin hayaƙi yayin bugun, tunda man bai iso ba. Haka nan farin hayaƙin da ba ya ƙarewa bayan inji ya yi zafi, mai kama da tururi, ga ruwan lagireto yana raguwa, wannan maganar gasket ce, hita ba ruwanta.

Game da fitilar nan mai kama da nadadden waya da ke dashbod, kada ka ba ta amana fiye da kima. A motoci da yawa tana kamawa ta mutu a kan lokacinta ko da hitocin duk sun ƙone, domin umarnin kwamfutar mota take nunawa, ba lafiyar hitocin ba. In kuma tana ƙyaftawa kana cikin tafiya, a motoci irin su Volkswagen wannan na nufin kwamfutar ta ga wata matsala a inji, kuma sau da yawa maɓallin fitilar birki ne ya lalace. In motarka ta zamani ce, a sa mata na'urar karanta lambobi. P0671 zuwa P0674 suna nuni da hitar silinda na ɗaya zuwa na huɗu, P0670 na nuni da akwatin da ke sarrafa hitocin, P0380 kuma layin wutar gaba ɗaya. Lambar tana gaya maka layin da za ka bi ne kawai. Waya da ta tsinke ko soket da ya yi tsatsa na iya haifar da lamba ɗaya da mataccen hita.

Yanzu gwajin. Ka fara da tambayar ko wuta na isa wurin ma. Inji na sanyi, ka sa mita a ma'aunin wuta, baƙar waya a jikin inji, ja a kan wayar ko sandar ƙarfen da ta haɗa hitocin, wani ya murza maka makulli zuwa inda fitilu ke kamawa. A tsohuwar mota za ka ga 10V zuwa 12V na wasu daƙiƙu, kuma za ka ji rile, wato makunnin da ke sakar wa hitocin wuta, ya yi ƙas. In babu komai, to duba babban fiyus da rile da sensar zafin ruwa, domin in sensar ta yi wa kwamfuta ƙarya cewa inji na da zafi, ba za ta kunna hita ba sam. Da wuya hitoci huɗu su mutu rana ɗaya. In motar ta tashi lafiya jiya, yau ta ƙi ƙememe, zargina kan fara sauka a kan fiyus da rile. A sababbin motoci kada ka firgita in mita ta nuna 5V ko 7V tana rawa, haka akwatin yake aiko da wutar a gutsure.

In wuta na zuwa, sai ka kashe makulli ka ware kowace hita daga 'yan'uwanta. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa. Muddin sandar da ta haɗa su tana ɗaure, mitarka za ta bi ta cikin masu rai ta nuna maka lafiya ko da uku sun mutu. Ka cire sandar ko soket ɗin kowacce, ka juya mita zuwa ma'aunin om mafi ƙanƙanta, wato na auna yadda waya ke tare wuta, ka haɗa bakunan wayoyin mitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, galibi 0.2 ko 0.3, don ka debe shi daga sakamakon. Sannan baƙar waya a wuri mai tsabta a jikin inji, ja a kan hitar. Lafiyayya kan nuna tsakanin om 0.5 da om 2, yawancinsu kusa da 1. In mita ta nuna OL, wayar ciki ta tsinke, hitar ta mutu. In ta nuna sifili tas, wayar ta haɗu da jikinta, irin wannan ce ke ƙona fiyus. Ni dai abin da na fi dubawa shi ne yadda huɗun suka yi kama da juna. In uku na nuna 0.8, ɗaya na nuna 5 ko 30, ba na bukatar littafi ya gaya mini wadda ta gaji.

Wanda ba shi da mita zai iya amfani da fitilar gwaji: ka maƙala wayarta a kan batir mai alamar +, ka taɓa kan kowace hita da bakin fitilar. In ta kama, wayar ciki ba ta tsinke ba. Sai dai wannan gwaji ba ya bambance lafiyayya da wadda ta haɗe da jikinta, duka biyun za su kunna fitilar. Gwajin da ya fi duka shi ne na mita mai baki kamar filaya, wadda ake maƙalawa a waya ta auna yawan wutar da ke wucewa. Hitar ƙarfe ta gargajiya kan ja amfiya 15 zuwa 20 da farko, sannan ya sauka zuwa wajen 8 ko 10 yayin da take zafi. Wannan saukar ita ce shaidar cewa tana aiki yadda aka ƙera ta.

Akwai al'adar cire hita a jona ta kai tsaye da batir a ga ko za ta yi ja. A tsohuwar hita mai rubutun 11V a jikinta, hakan na yiwuwa na 'yan daƙiƙu, kuma ya kamata jan ya fara daga can bakin, ba daga tsakiya ba. Amma hitocin zamani da yawa 4.4V ne, ko 5V, ko 7V. Ka ba irin waɗannan wutar batir kai tsaye, ka ƙone su da hannunka cikin ƙiftawar ido, har da sabuwa fil. Karanta rubutun jikinta kafin ka kusantar da ita da batir.

To, mu ce ka gano ta silinda na uku ce. A nan nake so ka rage gudu.

Hita doguwa ce, siririya, ciki kuma rami ne. Ta yi shekaru a cikin tof wanda galibi na alminiyom ne, haƙoranta sun yi tsatsa sun kama, kunkunniya ta daskare a kewayen bakinta kamar siminti. Ƙarfin da zai karya ta bai kai abin da hannu ɗaya zai iya bayarwa ba. Masu ƙera hitoci irin su Beru sun fitar da iyakar ƙarfin da ba a wucewa wajen kwancewa: mai haƙora M8, wato mai kaurin milimita 8, kada ya wuce 20 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa ke nan), M10 kada ya wuce 35, M12 kada ya wuce 45. Duk wanda ya taɓa riƙe sufana mai awon ƙarfi ya san 20 Nm ba komai ba ne. Shi ya sa nake kwance hita da irin wannan sufana, in saita ta ƙasa da iyakar, in ta yi ƙas hitar ba ta motsa ba, in tsaya. A farkon koyon aikina na taɓa ƙara ƙarfi ɗan kaɗan a kan wata da ta ƙi, na ji ta saki da wani laushi da ban taɓa mantawa ba, kan ya fito a soket, sauran ya zauna a ciki. Aikin awa ɗaya ya koma sauke tof, motar ta kwana huɗu, mai ita kuwa da ita yake neman abin kai wa gida. Tun daga ranar ban sake yi wa hita dole ba.

Ga yadda nake yi. Kwana biyu ko uku kafin aikin, a ɗiga man sassauta tsatsa a gindin kowace hita, a ci gaba da hawa motar, a ƙara ɗigawa kowace yamma. Zafi da sanyin da injin ke yi su ne ke jan man zuwa cikin haƙoran. Ranar aikin a ɗumama injin sosai, domin alminiyom ya fi ƙarfe buɗewa da zafi, ramin yakan ɗan saki. A kashe, a cire wayar batir mai alamar –, a hure kewayen hitar da iskar kwamfiresa don kada yashi ya faɗa silinda. A yi amfani da dogon soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daram, a riƙe shi a miƙe, don ɗan karkacewa kaɗan ke karya ta. In ta motsa, kada ka zarce. Kwance rubu'in juyi, mayar da rabinsa, ɗiga mai, sake kwancewa. In tana kuka tana ƙara tauri, dakata ka bar man ya yi aikinsa. Wani lokaci haƙoran kan fita duka amma hitar ta ƙi fitowa, tana juyawa a wuri ɗaya. Kunkunniya ce ta riƙe bakin, ko kuma bakin ya kumbura. Kada ka sa filaya ka fizge, bakin zai tsinke ya faɗa kan fistin. Ci gaba da juyawa a hankali kana ɗagawa kana zuba mai, akwai kuma abin jan da aka yi musamman don wannan.

In ka yi duk wannan ta ƙi, mayar da komai, ka hau motar mako guda kana ɗiga mai, ka sake gwadawa. Mota na tafiya da mataccen hita ɗaya. In kuma ta riga ta karye, kada ka ɗauko injin huda da ka. Akwai masu kayan aiki na musamman da ke huda karyayyar hita a tsakiya daidai su zaro ta ba tare da sauke tof ba, kuma hudar da ta kauce da milimita ɗaya na iya shiga hanyar ruwa ta kashe tof ɗin baki ɗaya.

Mutane kan tambaye ni ko a canza duka huɗun. In shekarunsu ɗaya kuma suna fitowa salin alin, na fi son a canza duka, tunda tare suka tsufa kuma ka riga ka buɗe wurin. Amma in ɗaya tana da rai a mita, ta kuma ƙi motsi a iyakar ƙarfin, ka bar ta. Kada garin neman gira a rasa ido.

Da ka ciro tsohuwar, kada ka jefar, duba bakinta da kyau, don sau da yawa wani ne ya kashe ta. Wadda tsufa ya kashe, bakinta na nan da siffarsa, baƙi-baƙi kawai. In bakin ya narke ko ya zaizaye kamar an gatsa, to nozul ɗin wannan silinda yana ɗigar da mai maimakon fesawa, ko lokacin fesawar ya yi wuri. Ka ga ke nan mai cewa nozul da mai cewa hita duk suna iya yin gaskiya, kuma in ba a gyara nozul ɗin ba sabuwar hitar ma ba za ta daɗe ba. In bakin ya kumbura ko ya fashe, wuta ce ta yi mata yawa: rile ya maƙale bai saki ba, ko an sa hitar da ba ta motar ba, ko an taɓa tayar da motar da batir na 24V. In kuwa wani yanki na bakin babu shi, kada ka buga injin sai an leƙa silinda da ƙaramar kyamara mai doguwar waya. Gutsuren ƙarfe tsakanin fistin da bawul ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Wajen sa sabuwa, lambar da kamfanin da ya ƙera motar ya tanada za ka bi, ba kamannin ido ba. Hitoci biyu na iya zama tsawo ɗaya da haƙora ɗaya, ɗaya 11V ɗaya 5V. Kada kuma ka gauraya mai bakin ƙarfe da mai bakin tangaran a inji ɗaya, domin akwatin sarrafawa nau'i ɗaya ya sani. Mai tangaran in ta faɗi ƙasa, ko ba ka ga tsagu ba, kada ka sa ta. Wasu injunan ma hitarsu na ɗauke da sensar auna matsin silinda, waɗannan ka bar wa wanda ya saba da su. Kafin sakawa a share ramin da rima, wato ƙarfen nan mai kaifin gefe da aka yi daidai ramin, a shafa masa giris don kunkunniyar ta manne a jikinsa ta fito. Wanda ya tsallake wannan, sabuwar hitar za ta shiga da ƙyar, ta matsu, ta mutu da wuri. A shafa ɗan giris mai jure zafi na hita a haƙoran, a murza ta da yatsu har ta zauna, sannan a ɗaure da sufana mai awo: wajen 10 Nm ga M8, 15 ga M10, 22 ga M12, sai in littafin motarka ya faɗi wani abu daban. Ɗauri fiye da kima yana matse ɗan sararin da ke kewaye da bakin hitar, ta riƙa yin zafin da ya wuce nata. Ƙaramin notin da ke riƙe waya kuwa 2 zuwa 3 Nm ya ishe shi.

Abu ɗaya da nake so ka nisanta ko da motar ta ƙi tashi: fesa fetur ko feshin gwangwanin nan na tayar da inji a mashigar iska alhali hitoci na da wuta. Yana iya kamawa tun fistin bai kai sama ba, ya fasa ringi ko ya lanƙwasa sandar fistin, wutar ma tana iya dawowa ta fuskar mai fesawa. Kuma in motarka na da matatar kunkunniya a salansa, wadda ake kira DPF, kada ka bar matsalar hita ta daɗe ko da tana tashi, domin wasu motocin ba sa ƙona kunkunniyar matatar muddin akwai lambar hita a kwamfuta, sai matatar ta toshe.

Amsar ko za ka iya da kanka: gwajin duka za ka iya, kuma ina ƙarfafa ka ka yi. Canzawar ma za ka iya in hitocin na fili, kana da sufana mai awo, kuma ka yarda za ka tsaya in ta ƙi. Bayan ka gama, a goge lambobin, ka bar motar ta kwana, don gwajin gaskiya sai da sanyin safiya. In ta tashi bugu ɗaya ba hayaƙi, an gama. In hitoci huɗu sababbi ne, wuta na isa, batir na da ƙarfi, amma har yanzu tana karkarwa da farin hayaƙi, to a auna matsin kowane silinda ta ramin hitar nan dai, a kwatanta huɗun. Wanda ya yi ƙasa da 'yan'uwansa, ringi ko bawul ɗinsa za a duba. In huɗun sun yi daidai, lokacin ne za a cire nozul a kai su gwaji.